Masu cewa a soke kurkuku ma masana ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni malami ne mai koyar da nazarin laifuka a jami'a. Bara wata mujallar ilimi ta dawo mini da maƙalata a kan ra'ayin soke gidajen yari. Mai tantancewar bai taɓa hujja ko ɗaya ba, cewa kawai ya yi wai wannan gwagwarmaya ce, ba ilimi ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Su waye 'yan gwagwarmayar? Marigayi Thomas Mathiesen farfesa ne a Oslo, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar KROM mai neman gyaran tsarin hukunci a Norway a 1968, suna zama da fursunoni ana muhawara. Marigayi Louk Hulsman farfesan shari'a ne a Rotterdam ta ƙasar Holland, shi ne ya ce kalmar "laifi" kanta tana rufe mana ido daga ainihin rikicin da ke tsakanin mutane. A 1983, a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara taron ƙasa da ƙasa kan batun.

Wanda abin da aka yi masa ya fi ba ni takaici shi ne Nils Christie, masanin nazarin laifuka ɗan Norway. A 1977 ya rubuta cewa lauyoyi da kotuna sun ƙwace rigima daga hannun masu ita, wanda aka cuta ya koma ɗan kallo a shari'arsa. Abokan aikina sun ɗauki wannan sun gina darussan sulhu a kai, suna yabonsa, amma sukar da ya yi wa hukuncin da ake shirya shi don a ɗanɗana wa mutum azaba, an bar ta a ƙasan shafi. An sha romo, an zubar da naman.

Ba na cewa masu son a soke kurkuku ba su da abin suka. Jock Young da John Lea, masana nazarin laifuka a Birtaniya, sun tuna wa masana cewa talaka ne masu laifi suka fi cuta, kuma wannan magana ce mai nauyi. Tambayar "to mai kisan kai fa?" ita ma tana nan, ɗalibaina kan jefo mini ita tun a makon farko, ni ma nakan yi gumi.

Sai dai a auna kowa da mudu ɗaya. Mai cewa a soke, ana neman ya kawo cikakken tsari kafin a saurare shi. Mai cewa a ƙara gina kurkuku, da wuya a tambaye shi nawa ne cikin waɗanda aka saki suke komawa. Angela Davis da Ruth Wilson Gilmore, masana masu ra'ayin soke kurkuku, sun yi shekaru suna wannan tambaya a Amurka, ƙasar da ke tsare da mutane kusan miliyan biyu.

Maƙalar dai na tura ta wata mujalla, ban sauya taken ba.

Naku,
Wani malamin jami'a