Mazaɓarmu da aka shafe a Gabashin Landan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tanka wa wasu maganganu biyu da nake ji duk sanda na zo gida hutu. Da an zauna a majalisa bayan la'asar aka ɗauko zancen zaɓe, sai wani ya ce ai a Ingila manufa kawai ake bi, babu ruwan kowa da addini ko "namu ne". Wani kuma ya ce a can akwai kujerun da ko jaki jam'iyya ta tsayar sai ya ci. Ni kuwa na fi shekara ashirin ina jefa ƙuri'a a mazaɓa guda, Bethnal Green and Bow, kuma abin da idona ya gani bai yi daidai da ko ɗaya ba.

Kafin wani ya ce me ya kai Bazazzagi rumfar zaɓen Turawa: ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar Commonwealth, in yana da izinin zama, doka ta ba shi damar zaɓen ɗan majalisa. Katin zaɓe ta ƙofa ake zuro maka shi kamar takardar kuɗin wuta. Ranar Alhamis ake yi, a zauren wata firamare, da fensir ɗaure da igiya.

An ƙirƙiri mazaɓar a 1974, Ian Mikardo na jam'iyyar Labour, ɗan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Gabashin Turai, ya riƙe ta har aka rushe ta a 1983. Aka dawo da ita a 1997. Unguwa ce ta baƙi tun fil azal. Masallacin Brick Lane ma coci ne na 'yan gudun hijirar Faransa da aka gina a 1743, ya koma wurin ibadar Yahudawa, sannan a 1976 ya zama masallaci. Lokacin da na zo, mutanen Bangladesh ne suka cika ko'ina, galibinsu 'yan Sylhet, da su muke sahu a babban masallacin Whitechapel.

Oona King ta jam'iyyar Labour ce ta ci a 1997, baƙar fata mace ta biyu da ta taɓa shiga majalisar. A 2001 ta ba mai bi mata ratar ƙuri'a sama da dubu goma. Kowa ya ɗauka ta samu wurin zama har tsufa. Sai ga yaƙin Iraki a 2003, ta goyi bayan Firaminista Tony Blair. Shi ke nan, ta taɓo wa kanta tsuliyar dodo.

George Galloway, wanda Labour ta kora a wannan shekarar saboda kalamansa kan yaƙin, ya baro Glasgow takanas ya zo ya tsaya mata a ƙarƙashin sabuwar jam'iyyarsa, Respect. Edita, ban taɓa ganin kamfe irin na 2005 a Ingila ba, sai ka rantse a Sabon Gari kake. Ana idar da sallar Juma'a za ka tarar da samari a bakin ƙofa suna cusa maka takarda a hannu. Mai shagon da nake sayen naman halal a wurinsa, dattijo ne da ya ce tun da ya zo ƙasar bai taɓa zaɓar kowa ba sai Labour, ya manna hoton Galloway a jikin firjinsa, yana sara ƙashi yana ce mini, "Ɗan'uwa, wannan karon don yaran Bagadaza ne." Abin ya yi muni ma, don har da ƙwai aka jefi matar, kuma wasu sun riƙa jawo zancen cewa mahaifiyarta Bayahudiya ce. Wannan ya ƙona mini rai, kuma shi nake tunawa in an ce mini a nan ba a siyasar asali.

Ranar 5 ga Mayu aka yi zaɓe. Na kwana a gaban talabijin, sai wajen asuba sakamako ya fito: Galloway 15,801, King 14,978. Ƙuri'a 823 kacal. Ɗaya daga ciki tawa ce, ba zan ɓoye ba. Ya hau mumbari ya ce wa Blair wannan kayen na Iraki ne, mu kuma muka yi ta murna kamar mun tsayar da yaƙin da hannunmu.

Ba a yi shekara ba, a Janairun 2006, sai ga ɗan majalisarmu a wani shirin talabijin da ake kulle mashahuran mutane a gida guda, ya durƙusa yana kwaikwayon kyanwa tana lasar madara. Washegari a wurin aiki ban iya haɗa ido da abokan aikina ba, don duk sun san wanda na zaɓa. Yaƙi bai tsaya ba, kuma danshin da ke cin bangon ɗakin yarana bai san an canza ɗan majalisa ba. Har yau in aka tambaye ni ko na yi nadama, sai in ce rabi da rabi.

A 2010 bai sake tsayawa a wurinmu ba, ya koma mazaɓar maƙwabta ya zo na uku. Kujera ta koma hannun Labour ta hanyar Rushanara Ali, haifaffiyar Sylhet, mutum na farko ɗan asalin Bangladesh a majalisar. A nan kam "tamu ce" ta yi aiki, na ga tsofaffin mata suna kuka don daɗi. Zuwa 2019 ratarta ta haura 37,000. Masu maganar jaki za su ce ka gani ko?

To su saurara. Hukumar shata iyakoki ta sake yanka ƙasar, da sharaɗin kowace mazaɓa, in ban da 'yan tsibirai, ta ƙunshi masu zaɓe tsakanin 69,724 da 77,062. Tamu ta yi ƙiba, sai aka raba ta. A zaɓen 4 ga Yulin 2024 Rushanara ta tsaya a sabuwar Bethnal Green and Stepney, wadda yawancin mutanenta na da ne. Amma mutane na riƙe da ita a zuciya, don ba ta goyi bayan ƙudurin tsagaita wuta a Gaza da aka kawo majalisa a Nuwamban 2023 ba. Wani limami, Ajmal Masroor, ya fito ba jam'iyya, ya bi ta har ƙofar gida. Da ƙuri'a 1,689 ta sha. Daga 37,000 fa! Kuma su biyun duk Musulmi ne, duk 'yan asalin Bangladesh, balle a ce ƙabilanci ne.

Ni ban samu shiga wannan dambe ba. Gidana a ɓangaren Bow yake, sai aka haɗa mu da mutanen Stratford da ke tsallaken kogin Lea. Ban matsar da gadona ko taku ɗaya ba, na wayi gari a wata mazaɓa. Da katin ya faɗo ta ƙofa, uwargida ta juya shi gaba da baya ta ce, "Malam, anya ba na maƙwabta ba ne aka kawo mana?" Makarantar dai ita ce, fensirin ma shi ne, sai dai wannan karon sun ce sai na nuna shaida mai hoto, dole na koma gida na ɗauko fasfo.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani Bazazzagi mazaunin Bow, Landan