Kafin Ka Jingine Keken Nan

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya same ni, na karanta shi sau biyu. Karon farko na yi dariya, karo na biyu kuma na ji babu daɗi. Wai don na gaba sun zagaye ka a tseren farko, shi ne ka jingine keken a bayan ƙofa, taɓon ma ba ka wanke ba, kana cewa bana ka haƙura. Haba malam! Ko Oktoba ba mu shiga ba, kakar saikulokuros kuwa, wato tseren keke a taɓo da ciyawa da yashi, sai wajen Fabrairu take ƙarewa.

Ka ce kana jiran ƙwarin gwiwa ya dawo. To ni dai shekarun da na yi ina wannan wahala mai daɗi, ban taɓa farkawa da asuba cikin sanyi na ji ina marmarin fita ba. Marmarin yana zuwa ne bayan an busa usur, ka ji zuciyarka tana dukan uku-uku, ga mutum a hagunka ga wani a damanka kowa na neman kwanar farko. Abin da nake yi shi ne, tun farkon kaka nake rubuta sunana a tsere huɗu ko biyar, na biya kuɗin, na kuma yi wa wani alkawarin zan ɗauko shi a mota. Idan safiyar ta zo, kunyar saɓa alkawari ce take fitar da ni daga bargo.

Zancen zagaye kuma, ka daina ɗaukarsa abin kunya. Zagaye ɗaya bai wuce kilomita 2.5 zuwa 3.5 ba, mu 'yan sha'awa kuma minti 30 zuwa 45 muke yi. A fili mai ƙanƙanta haka, wanda ya fi ka ƙarfi dole ya riske ka. Ka kauce masa ya wuce, shi ke nan. Tserenka da mutum biyu ko ukun nan ne da kullum kuke kusa da juna. Ni akwai wani dattijo mai jar riga da ya addabe ni bara, ko sunansa ban sani ba sai daga baya. A mako na farko ya ba ni ratar kusan minti ɗaya. Na shafe kakar ina bin bayansa, ina lura da inda yake taka birki da inda ba ya takawa. Ranar da na wuce shi a zagayen ƙarshe na zo na talatin da wani abu, amma na dawo gida kamar wanda aka naɗa wa sarauta.

Abin da ya rage min ratar nan kuwa ba ƙarfin ƙafa ba ne, sauka daga keke da sake hawa ne. Katakon da ake gindayawa a hanya tsayinsa ba ya wuce santimita 40 bisa ƙa'idar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, amma a nan muke zubar da daƙiƙoƙi kamar ruwa a kwando. Ka nemi fili mai ciyawa, ka ajiye sanda biyu a ƙasa. Tun daga nesa ka cire ƙafar dama daga feda, ka zagayo da ita ta bayan sirdi, hannun dama ya kama ƙarfen sama na keken, sannan ka saki ƙafar hagu ka diro kana gudu. Ka ɗaga, ka tsallake, ka ajiye keken a hankali kada sarƙa ta fita. Wajen hawa, cinyarka ce za ta fara sauka a kan sirdi, sannan ka zame ka zauna. Kada ka yi tsalle ka faɗo da dukan nauyinka. Na gwada hakan sau ɗaya, sai da na yi kwana uku ina tafiya kamar agwagwa. Fara da tafiya, kafin ka koma sassarfa. Minti 20 sau biyu a mako ya isa, kuma za ka ga bambanci kafin wata ya mutu.

Sai iskar taya, wadda na tabbata ita ce rabin matsalarka, domin na san halinka na cika taya ta yi tauri kamar dutse. Wannan na kwalta ne. A taɓo da jiƙaƙƙiyar ciyawa ana son taya ta kwanta ta kama ƙasa. Tayar da ƙwararru ke hawa faɗinta ba ya wuce milimita 33, amma da yawansu iskar ba ta kai psi 30 ba a ma'aunin famfo. Ka isa filin da wuri, ka yi zagayen gwaji, ka riƙa rage iskar kaɗan-kaɗan har sai ka ji bakin ƙarfen da tayar ke kai ya kusa taɓa ƙasa a wuri mafi muni, sai ka ɗan ƙara. Idan da tiyub a ciki, kada ka zaƙe, faci za ka yi.

Idan ka samu lokaci da dare, ka nemi bidiyon tseren Koksijde na ƙasar Beljiyam, inda suke ratsa tudun yashi, ko na Namur mai gangara da santsi. Ka lura da yadda gwanin nan Mathieu van der Poel yake barin keken ya bi sawun da aka riga aka yi a yashi, idonsa na can gaba, ƙafarsa ba ta daina juyawa. Mutumin nan a 2025 ya zama zakaran duniya karo na bakwai, ya kamo tarihin da tsohon zakara Erik De Vlaeminck ya kafa, amma shi ma yana faɗuwa, abokin hamayyarsa Wout van Aert ma yana faɗuwa. Su tashi, su gyara kan keken, su ci gaba. Ni abin da ke kwantar min da hankali ke nan idan na tsinci kaina a kwance cikin laka, yara na kaɗa min ƙararrawa.

Kada kuma ka kashe kanka da motsa jiki. Wanda ya yi tsere ranar Lahadi, rana ɗaya ta gudu mai tsanani a tsakiyar mako ta ishe shi: daƙiƙa 30 da ƙarfi, daƙiƙa 30 a hankali, ka maimaita. Sauran kwanakin, ban da ɗan atisayen sauka da hawa, ka huta, ka yi barci. Bara na ƙi jin wannan, zuwa Disamba ganin keken ma ba na son yi.

Kayanka ka haɗa su tun daren Asabar, ba a fafe gora ranar tafiya. Hular kwano, takalmi, famfo, tawul, busassun kaya da safa biyu. Bayan tseren kada ka yi saurin shiga mota. Tsaya ka yi wa 'yan rukuni na gaba ihu, ka taya masu shiryawa tsige turaku da naɗe igiya. A nan na san yawancin waɗanda nake fita da su yanzu, har da mai jar rigar.

Yau da ka gama karanta wannan, fito da keken ka wanke shi, ka sa wa sarƙar mai, domin taɓo idan ya bushe a kanta yana cin ta. Sannan ka rubuto min ranar tserenka na gaba da irin iskar da ka sa. Ni nawa Lahadin nan ne, an ce za a yi ruwa tun daga Juma'a.

A gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka