Zuwa ga ɗiyata, kan maganar bikin Katsina

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya ɗalibai? Mu nan Daura lafiya lau, ƙafar Babanki ma da sauƙi.

Goggonki ta dawo daga biki da maganar da ta hana ni barci. Wai kin zauna cikin mata kina ba da labarin wata ɗalibarki 'yar aji uku, wadda take fitsarin kwance tun da 'yan bindiga suka ɗauke mahaifinta. Ta ce ba ki kama suna ba, amma kin faɗi ƙauyensu. Haba! A ƙauye wa ke ɓuya?

Shekara huɗu kika yi a jami'a kina karatun halayyar ɗan'adam da ba da shawara, ga aikin koyarwa na gwaji, ga rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista. Ke da bakinki kika ce min tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi masu ba da shawara a makarantu. Kika ce aikinki ki gano ko ciwon kunne ne ya hana yaro karatu, ko ido, ko tsoro, ki taya shi zaɓar kimiyya ko adabi, abin da ya fi ƙarfinki ki tura asibiti. Shi ya sa na sayar da raguna ban ko waiwaya ba, dangin Babanki suna ta cewa a aurar da ke.

To duk takardun nan, in babu riƙon amana, me suka tsinana? Tun Disambar 2020 da aka kwashe yara sama da 300 a makarantar Ƙanƙara, yaran jihar nan suke ɗauke da abin da ba sa iya gaya wa iyayensu. Yarinya ta rufe ƙofa, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, da ƙyar maganar ta fito. In ta ji labarinta a bakin 'yan ɗakin kwana, ba ita kaɗai ba, babu wadda za ta sake taka ofishinki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tun kina ƙarama nake fama da bakin nan naki.

In yarinya tana cikin haɗari, wani na cutar da ita ko tana neman illata kanta, wannan dole ki sanar da shugabar makaranta. Matan biki ba sa cikin lissafi.

Wataƙila Goggonki ta ƙara gishiri, kin dai san ta. Ki kira ni ranar Juma'a bayan la'asar in ji daga bakinki. Na ba direba yaji da ƙuli-ƙuli, ki aika a karɓo a tasha. Allah Ya yi miki albarka.

Innarki