Amsa Ga Mai Tambaya Game Da Buddhadeb Dasgupta

Assalamu alaikum Malam.

Na ji tambayar da ka jefo mini a rediyo ranar Asabar: wai don me nake ɓata wa ɗalibai lokaci da finafinan Buddhadeb Dasgupta, daraktan fim ɗan Indiya, mutumin da ka ce tallan talaucin ƙasarsa ya yi don Turawa su tafa masa. Batun rashin waƙa da rawa irin ta Bombay ba zan tsaya a kansa ba. Shi ɗan Bengal ne, kuma marubucin waƙoƙi ne tun kafin ya ɗauki kyamara. Kalmar "talla" ce ta hana ni barci.

An haife shi a Anara, yankin Purulia, a 1944, mahaifinsa likitan ma'aikatar jirgin ƙasa. Ya koyar da ilimin tattalin arziki a kwaleji, sai ya ga abin da yake rubutawa a allo bai yi kama da rayuwar da yake gani a waje ba, ya ajiye alli ya koma fim.

Ka kalli fim ɗinsa Charachar kuwa? Lakhinder sana'arsa kamun tsuntsaye, da ita ake cefane a gidansa. Sai ya kamo, ya tsura musu ido cikin keji, zuciyarsa ta kasa, ya buɗe ya sake su, har matarsa ta gaji ta tafi. Ko Bagh Bahadur na 1989, inda Ghunuram ke shafe jikinsa da fenti ya yi rawar damisa, har ranar da aka kawo damisa ta gaske ƙauyen, 'yan kallo suka juya masa baya. Duk wanda ya ga yadda kasuwar wanzami ko ta maƙeri ke mutuwa ya san wannan ciwon. Ina tallan yake a nan?

Gaskiya ne fim ɗinsa Uttara ya samu kyauta a bikin finafinai na Venis, a Italiya, a 2000. Amma sau 5 fim ɗinsa na lashe kyautar gwarzon fim ta ƙasar Indiya, kuma mutanensa ne alƙalan.

Malam, ina ganin girmanka, shi ya sa abin ya fi yi mini zafi. Kai da kanka ka ce ba ka gama kallon ko ɗaya ba. Ina zargin ajina kake nufi, ka bi ta kan mutumin da ya rasu tun 2021, wanda ba zai iya kare kansa ba. Na gaji da yadda muke yanke wa aiki hukunci tun ba mu gan shi ba, ɗalibai kuma suna koyi da mu.

Ranar Laraba da la'asar za mu sake kallon Charachar. Na ajiye maka kujera a gaba.

Wassalam.