A Yi Gayyar Tattara Darussa Kan Bijirewar Ƙwayoyin Cuta

Malam Edita, assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi kira ga makarantun koyon likitanci na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, a Afirka ta Yamma abin ya fi ƙamari. Amma ɗalibinmu da misalan Ingila da Amurka yake karatu, inda majiyyaci ba ya zuwa asibiti bayan ya gama shan kafso daga kemis.

Shawararmu a yi aikin gayya, a shirya gasar tattara labaran majiyyatanmu don a mayar da su darussan ɗalibai. Kwamiti ya fitar da sanarwa, likitoci, masu harhaɗa magani, ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji su turo labarin majiyyaci ɗaya ɗaya a fom iri guda: shekarunsa, abin da ya kawo shi, maganin da ya riga ya sha, ƙwayar da ta fito a gwaji, magungunan da ta ji da waɗanda ta ƙi, sai shawarar da likita ya yanke kan maganin bayan awa 48 zuwa 72. A nuna rukunin kowane magani a jerin AWaRe na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya kasa magungunan kashe ƙwayoyin cuta gida uku: na fara bayarwa, na sa ido da na ajiya. Alƙalai uku su ba da maki, kowa shi kaɗai.

Inda ake tuntuɓe shi ne sakamakon gwaji. In an ɗebi jini bayan an fara allurar kashe ƙwayoyin cuta, sau da yawa ba ƙwayar da za ta tsiro a gwajin. Kwalbar gwajin jinin babban mutum tana son mililita 8 zuwa 10 na jini. In aka rage, ƙwayar na iya kuɓucewa. Faifan gwajin magani da kaurin abincin ƙwayar da ke cikinsa ya gaza milimita 4 kan nuna magani na aiki alhali ba ya yi. Darasin da aka gina a kan irin wannan ya fi rashinsa illa, don haka lallai masanin ƙwayoyin cuta ya zauna cikin alƙalai.

Sannan masu turowa na son abin mamaki. Ɗalibi kuwa ciwon mafitsara, taifot da ruɓar rauni bayan tiyata zai riƙa gani kullum. A faɗi haka a sanarwa. A goge suna da lambar kati, har a hoton waya, a nemi izinin kwamitin ɗa'a na asibiti. Kada a buɗe gasar lokacin jarrabawa. A bayyana zakaru a makon wayar da kai na duniya kan bijirewar ƙwayoyin cuta, 18 zuwa 24 ga Nuwamba.

Wassalam.
Wasu malaman koyar da likitanci