Rufe Jakara Da Titi Bai Wanke Ruwanta Ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan kogin Jakara na Kano, don na ga tunda aka fara rufe wani ɓangarensa da kankare aka shimfiɗa titi a kai mutane suna ta cewa an gama da matsalar Jakara. To wallahi ba a gama ba, ido ne kawai ya daina gani, ruwan yana nan yana tafiya a ƙasa da duk abin da muke zuba masa.

Jakara ta ratso cikin birni ta wajen Kurmi ta bi Fagge da Sabon Gari, a hanya tana kwasar ruwan kwatami da na masai da ruwan omo na wanki, ga jini da kashin dabbobi daga kwata, can gaba kuma ta haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, duk su tafi su zube a dam ɗin Wasai da ke Minjibir. Shi ke nan kamar mun maida dam ɗin juji.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne wannan ƙazantar taki ce, sinadaran naitirojin da fosfaras da manomi ke kashe kuɗi ya saya a buhun NPK su ne cike a fitsari da bayan gida da jini da wasu sabulan wanki. Shi ya sa masu lambu a Kwakwaci da Gama Kwari suke ja da inji su ban ruwa, latas da alayyahu da kabeji su yi kore shar, kuma ni ban ga laifinsu ba, ina za su samo wani ruwan da rani? Amma takin nan idan ya yi yawa a ruwan da yake kwance sai gansakuka da kainuwa su haukace su rufe saman ruwa, rana ba ta shiga, idan suka mutu suka nutse sai ƙwayoyin bakteriya su hau ruɓar da su suna cinye iskar oksijin ɗin da kifi ke shaƙa, abin ya fi muni da asuba da kuma lokacin zafi watan Afrilu da Mayu da ruwa ya ja baya. Sai ka ga karfasa ta taso sama tana buɗe baki, tarwaɗa ce ke jurewa saboda ita tana iya shaƙar iska daga waje. Kuma fa kifin nan da latas ɗin nan kasuwa suke dawowa, mu ne masu ci, mai kuɗi da talaka, har wanda ke toshe hanci a cikin mota in ya zo wucewa ta gada.

Maganar ƙarfe mai guba irin kuromiyom na wajen jima fata wannan wani babi ne daban, ba zan buɗe shi yau ba.

Abin da nake roƙon gwamnati shi ne a fara daga kwata tunda waje ɗaya ce kuma an san ta, a tara jini da kashi a yi taki da su a sayar wa masu lambun nan maimakon a kora su cikin kogi. Sannan a haƙa tafkunan tace ruwa kafin ya isa Wasai, fili da rana kawai suke buƙata, kuma duk muna da su. Jami'ar Bayero na da masu ilimin gwada ruwa, a ba su aikin su riƙa aunawa damina da rani a kuma karanta sakamakon a rediyo da Hausa masunta su ji. Su kuma masu unguwanni da limamai su yi wa masu kwasar masai magana, su daina juyewa a kwalbati da daddare.

Naka,
Mai karatu daga Gama, Kano