Jefar Da Kaya A Zaure Ba Isar Da Saƙo Ba Ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, don Allah ina roƙon ɗan fili in amayar da abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya, domin wallahi yau sati uku ke nan abin ya tsaya mani a rai, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a cikin garin nan na Katsina. Magana ce a kan yaran nan 'yan dilibari masu kai saƙo gida-gida a kan mashin, da wannan sabuwar ɗabi'a da suka tsiro da ita ta ajiye kayan mutane a zaure ko bakin get su yi gaba abinsu.

Maiɗakina tana ɗan taɓa sana'a daga cikin gida, atamfa da leshi da mayafai, tana ɗorawa a status ɗin WhatsApp mata 'yan uwanta na saye. Ta yi odar kaya daga Kantin Kwari a Kano, turmi shida na atamfa da mayafi goma sha biyu, kuɗi ya tasam ma naira 140,000, rabi kuɗin adashin da ta kwasa ne, turmi uku kuwa wata baiwar Allah ta riga ta biya saboda haɗa lefen ɗanta. Mai shago a Kano ya yi nashi, ya ɗaure kaya tsaf ya rubuta suna da lambar waya, ya kai tasha ya turo mana hoto. Kaya suka keto tafiyar kilomita wajen 170 daga Kano har Katsina ko allura ba ta ɓata ba, sai a taku goma na ƙarshe, tsakanin zaurena da tsakar gida, nan aka yi asararsu.

Ga yadda aka yi. Yaron dilibarin da ya ɗauko kayan ya iso wajen ƙarfe biyu na rana, ni ina kasuwa, ita kuma ta kabbara sallar azahar. Kira ɗaya tak ya yi, da ba a ɗauka ba sai ya shiga zaure ya jingina ledar bayan ƙyaure, ya ɗauki hoto ya tura mata ta WhatsApp ya ja mashin ɗinsa. Data ɗinta a kashe take, ba ta ga saƙon ba sai bayan la'asar, ta fito da sauri ko mayafi ba ta gama yafawa ba, wayam, babu leda babu dalilinta. Ko sallama yaron nan bai yi ba, ko ya aika ɗaya daga cikin yaran da ke wasa a layi ya ce je ka ce ana sallama da matar gidan, abin da ko baƙon da ya zo daga ƙauye ya san haka ake yi.

Malam Edita kai ka san zauren Bahaushe. Tun da aka buɗe shi da asuba ba a sake rufe shi sai bayan isha'i, mai tallan fura ta shiga, almajiri ya tsaya ya yi bara, mai ruwa ya wuce da jarkoki, yaran maƙwabta su shiga su fita, wani ma rana ce ta dame shi ya raɓe ya sha inuwa. Zaure hanya ce, ba sito ba ne. Tau wanda ya ajiye kayan dubu ɗari da arba'in a nan mi ya bambanta shi da wanda ya ajiye su a bakin titin Ƙofar Ƙaura?

Amma asarar kuɗin ba ita ta fi ƙona mani rai ba. Akwai wani almajiri da ke yi mana ɗibar ruwa da 'yan aike-aike shekara uku ke nan, yaro ne da ko canjin naira hamsin ya rage sai ya maido. Da maganar ta fasu a layi, kafin in dawo daga kasuwa har wasu sun tare shi suna zazzage mashi aljihu, wai shi aka gani ya shiga gidan da rana. Ai dole a gan shi, aikinsa ke nan kullum! Na tarar da yaron nan yana kuka kamar ransa zai fita, sai da na je da kaina har makarantarsu na ba malaminsa haƙuri. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, tau ga sakacin mutum ɗaya ya jefa unguwa guda cikin zato, kowa na kallon kowa, har maƙwabciyar da suke zaman mutunci da maiɗakina ta ɗan ja jiki don ɗanta ma ya shiga zauren ranar.

Washegari na je ofishin masu dilibarin. Wani matashi ya danna kwamfuta ya juyo mani da ita ya ce Alhaji ka gani, a wajenmu an kai kaya, ga ma hoto. Na ce ɗana an kai ma wa? Wa ya amsa? Ina sa hannunsa? Sai ya ce su dai ƙa'idarsu in an kai adireshi aiki ya ƙare. Naira 2,500 muka biya kuɗin kawowa, kuma ba don a kawo wa bango da ƙyaure muka biya ba, don a danƙa wa mutum hannu da hannu ne. Hoton da suke taƙama da shi ma ai shaida ce a kansu, don ya nuna ƙarara ba kowa a wurin lokacin da aka ajiye.

Kayan da aka ba ka ka kai wa wani amana ce, kuma a Suratun Nisa'i aya ta 58 Allah Ya umarce mu da mu mayar da amana ga masu ita, ga masu ita fa, ba ga ƙofar gidansu ba. Abin da muka ji daga malamanmu a karatun zaure shi ne wanda aka ba ajiya ba ya biya in abu ya salwanta ba da laifinsa ba, amma in ya yi sakaci tau lamuni ya hau kansa. In ɗan fashi ya tare yaron nan a hanya ya ƙwace kayan, wallahi sai dai in ce Allah Ya mayar da alheri in yi masa jaje. Wannan kuwa da hannunsa ya ajiye ya tafi.

Ba wai ban san halin da yaran nan ke ciki ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ƙara gaba, yaro na tunanin in ya koma da kaya ya sake dawowa gobe man wa zai ƙona. Ga gidajenmu yawanci ba lamba, kwatance ne kawai, bayan masallacin Juma'a, layin mai shayi, gida na uku daga tiransifoma, sai ya yi ta yawo cikin rana. Mu ma masu amsar kaya muna da namu, wani ya yi oda ya kashe waya ya kwanta barci. Duk na yarda. Amma maganin wannan shi ne kamfani ya biya yaro kuɗin dawowa, ko ya maida kayan ofis a kira mai su ya zo ya amsa. Ko direbobin tasha da muka saba ba saƙo tun kafin zuwan wayar hannu ba su yin haka, direba zai bar kaya a ofishin 'yan yuniyan, in ka zo a tambaye ka suna da wanda ya aiko kafin a miƙa maka, wani lokaci har a kira mai aikowar a gabanka.

Na ga alama wannan ajiye-ka-ɗau-hoto daga Turawa aka kwaso shi. Tau su kansu a Amurka kuka suke da ɓarayin da ke bin ƙofofi suna kwashe kwalaye, har mutane na saka kyamara a ƙofar gida, kamfani irin Amazon kuma ya kafa akwatuna masu makulli inda mutum zai je ya danna lamba ya ɗauki kayansa. Mu an kwaso mana ajiyewar an baro makullin.

Ina kira ga hukumar gidan waya ta NIPOST, tunda ita ke ba kamfanonin kai saƙo lasisi a ƙasar nan, ta leƙo Katsina da Daura ta ga su wa ke wannan aiki da rajista su wa ke yi kara zube, don yanzu duk mai mashin biyu da shafin Instagram ya zama kamfani. Haka hukumar FCCPC da dokar 2018 ta kafa don kare haƙƙin masu sayayya, mutanenmu da yawa ba su ma san da ita ba balle su kai ƙara, ya kamata a riƙa bayaninta a gidajen rediyo da Hausa. Abin da nake nema ba mai wuya ba ne, a turo wa mai kaya lambar sirri ta tes, yaro ba zai rufe aiki ba sai mai kaya ya faɗa masa lambar nan da bakinsa, in kuma za a bar kaya wajen mai shagon layi ko maƙwabci tau sai da izinin mai su. Kuma a rubuta a jikin rasit ƙarara nawa kamfani zai biya in kaya sun ɓata a hannunsa.

Yanzu haka maiɗakina na biyan matar nan mai lefe kuɗinta kaɗan-kaɗan duk sati, ta dakatar da sana'ar don jari ya karye. Almajirin nan kuwa tun ranar bai sake tako gidanmu ba, na aika sau biyu a kira shi, ya ce a ce mani ya gode.

Naka mai karatu,
Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.